Kafin Ki Yi Sallama A Ƙofar Mai Hali

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda ya yalwata arziki ga wasu bayinsa, ya ƙuntata ga wasu, don ya jarraba kowa da abin da ya sa a hannunsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, 'yar'uwa, zan fara miki da wani abin kunya da ya same mu, don na san ba mu kaɗai ya taɓa samu ba. Wata shekara mu huɗu muka tashi daga Kuyello, da izinin mazajenmu, muka tafi Kaduna wajen wani bawan Allah ɗan yankinmu da Allah ya buɗa wa. Muna ɗauke da wasiƙa mai tambarin ƙungiya, an rubuta a ciki cewa muna neman taimako don marayu da matan da aka kashe wa mazaje. Tun bayan Azahar muke zaune a falon uwargidansa, sai bayan La'asar ya shigo. Ya karanta wasiƙar, ya ɗaga kai ya yi mana tambaya uku: marayun su nawa ne, me takamaimai za a yi musu, kuma a hannun wa kuɗin zai zauna. Muka kalli juna. Ɗaya daga cikinmu ta ce, "Ai Alhaji suna da yawa ƙwarai." Ya yi murmushi, ya sa aka ba mu buhun shinkafa biyu da kuɗin mota, ya ce Allah ya yi mana jagora. A cikin mota babu irin sunan da ba mu kira shi da shi ba, mafi sauƙinsu marowaci, Allah ya yafe mana. Ba a yi wata shida ba muka ji ya gina ajujuwa a wata Islamiyya a wani gari. Ashe hannunsa a buɗe yake, mu ne muka je babu shiri.

Buƙatar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Duk wanda ya san gabashin Birnin Gwari, daga Kuyello zuwa Tabanni, Damari da Dogon Dawa, ya san abin da shekarun 'yan bindiga suka bari: gonakin da aka daina nomawa, shanun da aka kore, gidajen da aka sayar da komai don biyan kuɗin fansa, da yaran da suka tashi babu uba. A 2021 har kasuwannin mako-mako gwamnatin jiha ta rufe, aka katse layukan waya na wani lokaci. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. To amma sulhu ba ya mayar wa maraya da ubansa. Karo-karon da muke yi a wajen ta'alimi yana da albarka, yana sayen sabulu da ɗan magani da kayan Sallah, sai dai ba zai haƙa rijiyar burtsatse ba, ba zai gina aji ba. Irin wannan aiki sai an haɗa da masu hali, zuwa wajensu kuwa ilimi ne da ake koya kamar yadda ake koyon kowane ilimi.

Na san abin da ke riƙe ƙafar da yawanmu, wato kunya da tsoron a ce mun zama mabarata. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya mai da roƙo sana'a don tara wa kansa. Amma ki duba Suratul Ma'un, za ki ga daga cikin alamomin mai ƙaryata addini an ambaci wanda ba ya kwaɗaitar da mutane su ciyar da miskini. Ke nan kwaɗaitarwar ita kanta aikin ibada ce. Kuma a hadisin Abu Musa (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, idan mabuƙaci ya zo, Annabi (SAW) yakan umurci sahabbai su sa baki a biya masa buƙata, ya yi musu albishir da lada a kan sa bakin. Saboda haka idan kin tsaya a ƙofar attajiri don maraya, kada ki sunkuyar da kai kamar wadda ta zo cin bashi. Kin kawo masa wata dama ce ta kasuwanci da Ubangijinsa. Amma kuma kada wannan ya sa ki shiga da gadara kamar mai karɓar haraji, domin dukiyarsa ce, bayan zakka babu abin da ya zama dole a kansa ya ba ki.

Abu na farko da muka yi sakaci da shi a waccan tafiya shi ne sanin mutumin. Mun san yana da kuɗi, shi ke nan abin da muka sani. Ki lura da yadda Manzon Allah (SAW) yake ba kowane mai dukiya amsa daidai da halinsa. Sa'adu bin Ubada (RA) ya zo mahaifiyarsa ta rasu, yana neman sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Abu Ɗalha (RA) ya ji aya ta 92 a Suratu Ali Imrana, wadda ta ɗaure samun alheri da ciyarwa daga abin da mutum yake so, sai ya ba da lambunsa na Bairuha, dukiyar da ya fi ƙauna, aka shawarce shi ya raba wa danginsa. Sayyidina Umar (RA) ya sami fili a Khaibara wanda bai taɓa mallakar irinsa ba, ya zo neman shawara, aka ce ya tsare asalin filin ya riƙa sadaka da amfaninsa, wanda shi ne tushen da malamai suka gina hukuncin waƙafi a kai. Mutum uku, amsa uku. Kowanne an saurare shi tukuna.

To haka masu halinmu suke. Wani shi ma maraya ya tashi, da kin ambaci maraya idonsa zai kawo ruwa. Wani mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, abin da ke ransa shi ne ɗakin haihuwa. Wani kuma bai sami karatu ba, yana jin zafin abin har yau. Ba za ki san wannan daga wasiƙa ba. Za ki sani ne ta wajen uwargidansa, ko 'yar'uwarsa da kuke ta'alimi tare, ko limamin unguwarsu. Wannan hanya ce da Allah ya hore mana mu mata wadda maza ba su da ita, muna shiga cikin gida, muna zuwa suna da biki da ta'aziyya. Ziyarar farko ma ba sai kin nemi komai ba. Ki gaishe su, ki faɗi aikin da kuke yi, ki nemi shawararsa, sannan ki yi shiru ki saurara. Mu dai a ranar ko tambaya ɗaya ba mu yi wa Alhajin ba. Ba sai na tuna miki ba cewa ba a zuwa mace ɗaya, kuma ba a keɓewa da namijin da ba muharrami ba, ko da aikin na marayu ne. Kada kuma ki manta da Hajiyoyi. Akwai matan da ke juya jarin hatsi da na atamfa da na zinari daga cikin ɗakunansu, ba wanda ya taɓa zuwa musu da maganar babban aiki, sai dai a miƙa musu katin biki. Hanyar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai a Makka har yau da sunanta ake kiran ta.

Sai ki san irin dukiyarsa da lokacinta. Mai halin yankinmu galibi arzikinsa ba a banki yake ba, yana cikin rumbu da sito da garke. Manomi a watan Yuni ya zuba komai a taki da iri da 'yan ƙwadago, idan kin je masa a lokacin kin ba shi kunya ne kawai. Ki bari sai kaka, masara da dawa da shinkafa sun shigo gida. Kuma sau da yawa ya fi masa sauƙi ya ce a ɗauki buhu ashirin da ya ƙirgo kuɗinsu. A nan dole ki riƙe ɗan fiƙihu, don kada ki jefa shi da kanki cikin kuskure. Hatsin da aka noma da ruwan sama idan ya kai nisabi ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa rabin haka. Zakka tana da gidaje takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, ba su yarda a gina masallaci ko aji da ita ba. Don haka ki tambaye shi ƙarara, wannan zakka ce ko sadaka? Idan zakka ce, ta tafi hannun matalauta da mabuƙata kai tsaye, a littafi dabam. Gini da rijiya kuwa na sadaka ne da waƙafi. Akwai kuma wata hujja da za ki iya tuna wa ɗan garinmu da ya koma Kaduna ko Zariya ko Funtuwa amma gonarsa na nan: a Malikiyya zakkar amfanin gona ana raba ta ne a inda gonar take ko kusa da nan, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Ki faɗa cikin ladabi, in ya nemi ƙarin bayani ki tura shi ga malami.

Yanzu ga tambayar Alhaji ta biyu, me takamaimai za a yi. Lokacin da Muhajirai suka sha wahalar ruwa a Madina, Manzon Allah (SAW) bai tsaya a kan cewa a taimaka da ruwa ba. Ya ambaci rijiya guda da sunanta, rijiyar Ruma, ya faɗi abin da za a yi da ita, wato a saya a bar wa Musulmi, ya faɗi ladan. Sayyidina Usmanu (RA) ya tashi ya saya. Mai dukiya ɗan kasuwa ne, kansa ya saba da lissafi, "a taimaka mana da abin da ya sawwaƙa" kuwa ba lissafi ba ne, shi ya sa amsarsa ke zama kuɗin mota. Kafin ki fita, ku zauna ku rubuta sunayen marayun unguwa-unguwa da shekarunsu da wanda ke riƙe da su, mai unguwa da limami su shaida. Idan aji kuke so, ku kira birkila da kafinta su faɗi bulo nawa, siminti buhu nawa, kwano bandir nawa, a farashin wannan wata, don kin san yadda kaya ke tashi. Ku nuna takardar filin. Ku faɗi wa zai biya malamai bayan an gama ginin, domin mai hankali zai tambaya. Sannan ki buɗe baki ki faɗi adadin da kike nema a wajensa, kada ki yi ta kewaye-kewaye. Idan kin faɗa, ki tsaya. Shirun da zai biyo baya yana da nauyi, na sani, amma kada ki cike shi da ban haƙuri ko rage farashi tun bai ce komai ba.

Akwai wani hadisi na Jarir bin Abdullahi (RA) a Sahihu Muslim da ya kamata kowace mai wannan aiki ta nazarta. Wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina babu takalma, babu tufafin kirki, har fuskar Annabi (SAW) ta canza don tausayi. Ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da sadaka. Sai wani mutumin Ansar ya taho da jaka wadda hannunsa ya kusa kasa ɗauka, daga nan mutane suka biyo baya har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A nan ne aka faɗi ladan wanda ya fara kyakkyawan aiki wasu suka yi koyi da shi. Abin lura shi ne kyauta ta farko ita ke jawo saura. Saboda haka kada ki fara da buga kati da hayar rumfa da kujeru. Ki fara da mutum ɗaya ko biyu a asirce, idan kashi mai tsoka ya samu, na uku zai fi saurin yarda, don ba wanda ke son ya zuba kuɗinsa a ginin da zai tsaya a linta.

Sai dai a nan, 'yar'uwa, ina so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin garinmu ba Kano ba ne, ba Abuja ba. Mun gaji al'adar ƙaddamar da gidauniya, a kawo lasifika, mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce Alhaji wane ya ba da miliyan kaza, a yi kabbara. Ko a birni an san da yawan alkawuran irin wannan taro ba a cika su. A wajenmu kuwa abin ya wuce haka. Lasifikar da jama'a ke ji, infoma ma yana ji. Hoton da kika ɗora a WhatsApp kina godiya, ba ki san wayar wa zai faɗa ba. Mutumin da ya ba ki don Allah, kina iya zama sanadin a bi shi gona ko a tare shi a hanya ko a ɗauke masa ɗa. Wasu daga cikin masu halinmu da suka daina bayarwa ba rowa ta hana su ba, tsoro ne, kuma tsoronsu yana kan hanya. Ko da an ce ƙura ta lafa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Addininmu ya riga ya ba mu mafita. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar da aka bayyana, sannan ta nuna wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta ta fi alheri ga mai ita. Cikin mutum bakwai da za a sa a inuwar Al'arshi akwai mai ɓoye sadakarsa. Don haka tun kafin ya tambaya, ke ki fara gaya masa cewa sunansa ba zai wuce Amira da ma'aji ba. A littafin da ake karantawa a taro a rubuta "wani bawan Allah". Kada a kafa allo a jikin gini. Idan za ki kwaɗaitar da na gaba, ya ishe ki ki ce rabin kuɗin ya samu. In shi ya ce a bayyana don wasu su yi koyi, kuma yana zaune inda ba ya jin tsoro, wannan zaɓinsa ne. Kuma sirrin nan ya haɗa da wadda ta riƙe shi a gida, domin yawancin maganar da ke fita ba a taro take fita ba, wajen kitso take fita. Haka su ma masu karɓa suna da mutuncin da za a tsare. Jera zawarawa a rana kowace da buhu a gabanta ana ɗaukar hoto, ni dai ban ga inda ya rabu da cutarwar da aya ta 264 a Baƙara ta ce tana ɓata sadaka ba.

Idan ya ce a'a, ko ya ba da abin da bai kai zatonki ba, kada ki matsa. A ƙarshen Suratu Muhammad Allah (SWT) da kansa ya bayyana cewa da zai nemi dukiyar mutane ya tsananta nema, da sun yi rowa, kuma ƙullin da ke zukatansu ya fito. Da Annabi (SAW) zai aiki Mu'azu (RA) Yaman, ya gargaɗe shi kada ya zaɓe wa mutane mafi kyawun dukiyarsu wajen karɓar zakka. Ka'abu bin Malik (RA) ya so ya sadaukar da dukiyarsa duka, aka ce ya riƙe wani abu. Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA) ya so ya yi wasiyya da kashi biyu bisa uku, aka tsayar da shi a ɗaya bisa uku don magadansa. Idan kika ga dattijo ya zo da zafin bayarwa har zai cutar da iyalinsa, ke ce ya kamata ki ja masa birki. Turo masa manyan mutane don kunya ta sa ya bayar, wannan kuɗin zai fito sau ɗaya, ƙofar kuma ta rufe.

Ba kowane kuɗi ake karɓa ba kuma. Wanda aka san hanyar samunsa ta bi ta daji, ko mai son ku sa anko ku cika masa fili a lokacin zaɓe, ku ba shi haƙuri komai yawan abin da ya kawo. Kada kuma neman masu hali ya sa tsohuwar da ke kawo mudun gero kowace Juma'a ta rasa wurin zama a taronku. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Usmanu (RA) ya ba da raƙuma ɗari uku da kayansu, wani kuma ya kawo ɗan dabinon da ya samu da ƙwadago, munafukai ne suka raina na ƙaramin suka kuma zargi mai kawo da yawa da riya, aya ta 79 a Tauba ta sauka a kansu.

Tambaya ta uku, a hannun wa kuɗin zai zauna, ita ce ta fi kashe ƙungiyoyi. Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani abu ya ce shi kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi faɗa a kan haka, ya nuna da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kyautar. To atamfar da Hajiya ta ba ki a bakin ƙofa, da "na mota" da ya fi kuɗin motar, ki kai su gaban kwamiti su yanke. Kuɗi ya shiga asusun banki mai sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu, ba asusun Amira ko na mijinta ba, ko da waliyyiya ce. Kowane buhun siminti da rasit ɗinsa. Idan kuna hangen manyan gidauniyoyi irin ta Aliko Ɗangote ko ASR Africa da Abdussamad Rabi'u ya kafa a 2021, ku sani su da takarda suke aiki, sai ku fara da rajista a hukumar CAC ko ku bi ta uwar ƙungiya ta jiha. Kuma abin da aka bayar don rijiya ba a karkatar da shi zuwa kayan azumi sai da izinin mai shi.

Bayan an karɓa, Abdullahi bin Abi Aufa (RA) ya ba da labarin cewa duk wanda ya kawo sadakarsa Annabi (SAW) yakan yi masa addu'a, haka ya yi wa gidansu da mahaifinsa ya kawo tasu. Ki yi masa addu'a a gabansa, marayun ma a koya musu su yi wa wanda ba su san sunansa ba. Bayan wata uku ki koma ba da kokon roƙo ba, ki kai masa lissafi: ga abin da aka saya, ga inda gini ya kai, ga abin da ya rage. Idan an sami matsala, siminti ya tashi ko birkila ya gudu, ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a wani wuri.

Mu dai mun koma wajen Alhajin nan bayan shekara guda, ta hannun uwargidansa. Wannan karon da littafi muka je, da sunayen yara, da lissafin birkila, da takardar banki, muka kuma ba shi haƙuri a kan abin da muka faɗa a mota, duk da bai ji ba. Ya daɗe yana juya shafukan. Ya tambayi dalilin da ya sa kuɗin kwano ya fi abin da ya sani, muka ce za mu sake tambayowa a Funtuwa. Ya ce a bar masa littafin, mu dawo bayan kaka.